Na yanke maganin barci lokaci ɗaya, sai kunnena ya ɗauki ƙara

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekarata 43, ina zaune a Aboabo cikin Kumasi da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Sana'ata bugun jikin mota da walda a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, tun ina yaron shago har na zama masta. Shekara biyu da suka wuce ƙanena ya rasu a hatsarin mota a hanyar Techiman, ni aka kira na je na gane gawarsa. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idona, gabana ya dinga faɗuwa ba gaira ba dalili. Wani likita a asibitin kuɗi ya rubuta mini diazepam na mako biyu. Na ji daɗinsa, da ya ƙare sai na ci gaba da saye a wani shagon magani da mai shi ya san ni, ba ya tambayar takarda. Daga ƙwaya ɗaya mai miligiram 10 da dare, na koma biyu, safe da dare.

Watan jiya maiɗakina ta tsinci kwalin ta kai wa yayana. Ya zaunar da ni ya ce na zama ɗan ƙwaya, haramun nake sha. Ya sa na rantse da Allah zan bari, ya zubar da sauran. Kwana ukun farko lafiya lau. A na biyar hannuna ya fara rawa, ga gumi, ga rashin barci, sannan kunnuwana biyu suka ɗauki wata siririyar ƙara, wiii, ba dare ba rana. Ƙarar gudumar da na saba da ita fiye da shekara ashirin, yanzu ba na iya jure mata. Yayana ya ce iska ce, aka yi mini ruƙiyya, aka ɗiga mini mai a kunne. Da abin ya ci ƙarfina na sayo a ɓoye na sha, ƙarar ta lafa. Yanzu in ta matsa mini in sha, in bari kwana biyu ta dawo fiye da da. Ba wanda ya sani a gida. Wani lokaci cikin dare har ina jin gara mutuwa da wannan hali.

Shin maganin ne ya lalata mini kunne? Hauka ce za ta kama ni? In koma shan shi har abada ne, ko in daure in cika rantsuwata?

Ɗan'uwanku daga Aboabo

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan ɗan'uwanka, ya sa ya huta, ya ba ka haƙurin rashinsa. Ka yi daidai da ka rubuto, kuma ka yi daidai da ba ka ɓoye komai ba.

Kafin maganar kunne, zan fara da abin da ka ajiye a ƙarshe, cewa cikin dare kana jin gara mutuwa. Ban ɗauke ta maganar fatar baki ba. Mutumin da ya kwana da kwanaki bai runtsa ba, ga ƙara a kai, ga sirri yana cin sa, zuciyarsa kan raya masa irin wannan, kuma yanke wannan magani lokaci ɗaya shi kansa yana haifar da baƙin tunani. Ka gaya wa mutum ɗaya da ka yarda da shi yau, ka faɗa wa likita da bakinka yadda ka rubuta mini. Ranar da ka ji tunanin ya wuce raya wa zuciya ya fara zama shiri, kada ka jira gari ya waye. Ka tashi wani ya raka ka sashen gaggawa na asibiti, ko a kira 112, lambar kiran gaggawa ta Ghana.

Yanzu ga amsarka a taƙaice, sannan in warware maka ita. Ba hauka ke zuwa maka ba. Duk abin da ka lissafa, rawar hannu, gumi, rashin barci, kasa jure hayaniya da ƙarar kunne, sanannun alamu ne na yanke diazepam da 'yan'uwansa bayan jiki ya saba da su. Kuma zaɓi biyun da ka ajiye a gabanka, shan sa har abada ko daurewa ka bari yau, duka ba naka ba ne. Akwai hanya ta uku, ita ce a rage maka shi kaɗan-kaɗan cikin watanni a hannun likita, a kuma duba kunnen daban.

Diazepam, wanda aka fi sani da Valium, ya fito kasuwa tun 1963. Danginsa ana kiransu benzodiazepine, cikinsu akwai Lexotan, Ativan, Xanax da Rivotril. A ƙwaƙwalwar kowa akwai wani sinadari mai suna GABA wanda aikinsa kwantar da jijiyoyi, shi ne birkin jiki. Abin da wannan magani ke yi shi ne ƙara wa birkin nan ƙarfi, shi ya sa faɗuwar gaba ta tsaya barci ya zo. Amma in aka daɗe ana taka birki daga waje kullum, sai ƙwaƙwalwa ta sassauta nata, ta ƙara wuta don ta daidaita. Kai da ka yi rayuwarka cikin motoci ka san abin da zai faru in mota tana kan gangara da wuta a sama aka zare birkin lokaci guda. Abin da ya same ka ke nan ranar da aka zubar da kwalin. Dalilin da ya sa ƙa'idar likitoci ita ce kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan sa ke nan, kuma dalilin da ya sa ƙwaya ɗaya ta daina isarka ka koma biyu. Ba raunin imani ba ne, ba kuma lalacewa ba ce. Haka jikin kowane ɗan Adam yake yi da shi.

Kwana ukun farko da ka ji garau su ma suna da bayani. Diazepam magani ne mai daɗewa a jini. Kafin rabinsa ya fita yakan ɗauki awa 20 har zuwa 100, kuma abin da hanta ke juya shi ya zama ya fi haka ma daɗewa. Wato kwanakin farkon nan kana tafiya ne da ragowar da ke jikinka, sai da ta ja baya sannan ciwon ya bayyana. Da Xanax kake sha, wanda ke fita cikin 'yan awoyi, da tun washegari ka ji a jikinka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ba ƙarar ba ce. Mai shan miligiram 20 kullum tsawon shekara biyu in ya yanke farat ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, yana iya rikicewa ya dinga ganin abin da babu, kuma wannan kan kai ga rasa rai. A watan Satumba na 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta a sabunta babban gargaɗin da ke jikin duk dangin wannan magani saboda haka. Allah ya tsare ka a karon farko. Amma yadda kake yi yanzu, yau ka sha, gobe da jibi ka bari, kana maimaita wa jijiyoyinka wancan girgizar ce a kai a kai, shi ya sa ƙarar ke dawowa da ƙarfinta. Ka tuna kuma da wutar walda da injin yankan ƙarfe kake wuni. Don haka ka ga likita cikin kwana biyu ko uku, ba wata mai zuwa ba. Kafin nan kada ka sake yanke shi, kada kuma ka ƙara a kan abin da ka saba. Kada ka haɗa shi da tramadol, ko maganin tari mai kodin, ko wani abin sha mai giya a ciki ko da an ce na gargajiya ne, domin haɗin yana danne numfashi, tramadol kuma shi kansa yana janyo jijjiga. In hannunka na rawa, ka bar wa manyan yaranka aikin inji, kada ka hau babur.

To, maganin ne ya lalata maka kunne? A ganina abu biyu ne suka haɗu a kanka, kuma dole a raba su.

Ƙarar kunne, wadda likitoci ke kira tinitus, ba baƙon abu ba ce. Wani babban nazari da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan manya 14 cikin 100 a duniya suna jin ta, mutum sama da miliyan 740. Mafi yawan lokaci tushenta raguwar ji ce. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su a hankali, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. In saƙon da ke zuwa daga kunne ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara ƙarfin sauraronta, har ta fara jin motsin jijiyoyinta da kanta. Shi ne wiii ɗin da kake ji. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suka sa shi ne desibel 85 (desibel shi ne awon ƙarfin ƙara) na tsawon awa takwas. In ƙara ta kai desibel 100, minti 15 ne iyakarta a rana, kuma injin yankan ƙarfe da guduma a kan bodin mota suna kaiwa nan. Duk wanda ya taɓa shiga Magazine da hantsi ya san sai ka ɗaga murya wanda ke gefenka zai ji ka. Kai fiye da shekara ashirin ka yi a ciki, kuma ina kyautata zaton kunne a buɗe. Ka tambayi maiɗakinka ko ta daɗe tana cewa kana ƙure rediyo, ko sai ta maimaita magana kafin ka amsa.

Saboda haka abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne sana'a ta riga ta rage maka ji ba ka ankara ba, maganin yana danne jijiyoyin, da aka zare shi sai ƙarar ta fito fili ta kuma ƙaru. Farfesa Heather Ashton ta Jami'ar Newcastle a Ingila, wadda ta gudanar da asibitin raba mutane da wannan magani daga 1982 zuwa 1994, ta sa ƙarar kunne cikin alamomin yankewa, ta kuma lura cewa takan fi daɗewa ga waɗanda dama jinsu ya ragu. Ba zan yi maka alkawarin shiru tsit ba, don ba na son in yaudare ka. Kason da yankewar magani ta kawo, shi da kasa jure hayaniya, yawanci yana lafawa in jiki ya daidaita, wasu cikin makonni, wasu watanni, kaɗan daga ciki ya haura shekara. Kason da guduma ta kawo yana iya zama tare da kai. Amma ƙarar da kake ji yau, ta mutumin da bai yi barci ba kuma yake a tsorace, ba ita za ka dinga ji ba in hankalinka ya kwanta.

Na san abin da zuciyarka ke faɗa maka: tunda ƙwayar na kashe ƙarar, me zai hana a ci gaba? Gaskiya ne tana lafar da ita na ɗan lokaci. Sai dai ka riga ka ga yadda ɗaya ta zama biyu, biyun ma za ta daina isa, ƙarar ta dinga leƙowa tsakanin sha da sha. Ga mantuwa, ga kasala, ga haɗarin faɗuwa yayin da shekaru ke ja. Ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a 2014, ta ce kada a mayar da magungunan kwantar da hankali maganin ƙarar kunne na yau da kullum. Ni ma ba na so maka wannan hanya.

Ga yadda za ka yi. Ka ɗauki katin inshorar lafiyarka na NHIS da kwalin maganin, ko hotonsa a waya, ka fara da asibitin gwamnati mafi kusa da kai, kamar na Manhyia. Ka ce kana son ganin ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa. Tun bayan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 aka ƙarfafa wannan aiki a asibitocin gunduma, in kuma abin ya fi ƙarfinsu za su ba ka takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, inda akwai likitocin ƙwaƙwalwa da na kunne duka. Na san yadda mutanenmu na Zango ke kallon wannan ƙofa, ana ganin sai wanda ya tuɓe yake shiga. Ka je ka ga masu zama a kan bencin: 'yan kasuwa ne, malaman makaranta, direbobi, iyaye mata. Ma'aikatan wurin kuwa su ne suka fi kowa sanin yadda ake sauke mutum daga wannan magani. In ka zauna gaban likita ka faɗi adadin gaskiya, miligiram 20 a rana, shekara biyu, ranar da ka yanke, da yadda kake sha yanzu. Mutane kan rage adadi don kunya, sai a tsara musu ragi a kan ƙarya, su sha wuya a banza.

Abin da galibi za a yi shi ne a mayar da kai kan adadi guda tsayayye da za ka dinga sha a lokaci ɗaya kullum, har jiki ya natsu. Likita ne zai yanke ko nawa ne, don ba lallai a mayar da kai 20 ɗin ba. Daga nan a fara ragewa, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk bayan mako biyu zuwa huɗu. A tsarin Farfesa Ashton, mai shan miligiram 20 yana rage miligiram 1 duk mako ɗaya ko biyu, wato tafiyar wata biyar zuwa tara. Ka ji da tsawo, amma sannu ba ta hana zuwa. Sa'arka ɗaya ita ce diazepam kake sha, domin daɗewarsa a jini ta sa ya fi sauƙin ragewa, har masu shan sauran ma akan mayar da su kansa kafin a fara. Ana yin sa a miligiram 2, 5 da 10, don haka ka tambayi mai harhaɗa magani na asibiti yadda za ka sami ƙananan, kada ka dinga gutsurar babbar da haƙori kana kintace. Duk lokacin da aka rage, ka sa ran ƙarar za ta ɗan ɗaga na 'yan kwanaki sannan ta sauka. In ta yi tsanani a tsaya a wannan matakin har ka huta, ba a koma baya ba, ba a kuma yi tsalle ba. Miligiram biyar na ƙarshe su suka fi wuya, a nan ake ƙara sassautawa. Ka sami ɗan littafi ka dinga rubuta abin da ka sha, awa nawa ka yi barci, da ƙarfin ƙarar daga ɗaya zuwa goma. Ranar da ka ji kamar ba ka ci gaba, shi zai nuna maka inda ka baro. In azumi ya riske ka a tsakiyar ragin, ku tsara lokutan sha da likita tun kafin a ga wata.

Wataƙila a ba ka wani magani na damuwa, kamar sertraline ko fluoxetine, wanda ba ya aiki nan take, sai bayan makonni. Ba irin diazepam ba ne, amma shi ma ba a yanke shi lokaci ɗaya, kuma in ka ji ƙarar ta canza bayan ka fara, ka koma ka faɗa.

Kunnen kuma a leƙa shi, a yi maka gwajin ji. Wani lokaci datti ne ya toshe, a cire a sami sauƙi. A auna hawan jini da yawan jininka. Ka lissafa wa likita duk abin da kake sha, domin kwinin na zazzaɓin cizon sauro, asfirin mai yawa, magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da masu aikin ƙarfi ke sha ba lissafi, da allurar gentamicin, duk suna iya sa kunne ƙara. A daina ɗiga mai ko ruwan ganye, don in akwai huji a dodon kunne sai a janyo wani ciwon. Abubuwa huɗu kuma ba a jira da su: ƙarar ta koma kunne ɗaya kawai, ko ta dinga bugawa daidai da bugun zuciya, ko ji ya ɗauke farat ɗaya, ko jiri mai juya ɗaki. In ji ya ɗauke kwatsam, a ranar ake zuwa asibiti. In gwaji ya nuna jinka ya ragu sosai, na'urar ƙara ji takan rage ƙarar ma.

Dare shi ne abokin gabar mai wannan lalura, saboda in gari ya yi tsit ba abin da ya rage sai ita. Kada ka kwanta cikin shiru. Ka bar fanka tana juyawa, ko ka sa karatun Alƙur'ani ko sautin ruwan sama a waya, ƙasa-ƙasa, yadda za ka dinga jin ƙarar kaɗan a bayansa. Ba so ake a binne ta ba, so ake ƙwaƙwalwa ta saba ta daina ɗaukarta abin tsoro. Ka bar caji a wayar saboda ɗaukewar wuta. Atayar dare da goro bayan la'asar ka ɗaga musu ƙafa tukuna, su da lemon ƙarin kuzari, don suna korar barci suna ƙara faɗuwar gaba. A wurin aiki ka sayi abin toshe kunne na roba ko irin wanda ake kifawa a kai, ka sa duk lokacin da guduma ko inji ke aiki. Auduga ba ta tare komai. Amma in ka fito ka cire, domin toshe kunne wuni guda a gida da masallaci yana ƙara masa rashin juriya. Kai masta ne, yaran da ke ƙarƙashinka su ma ka saya musu, in sun ga ka sa za su sa.

Hanyar da bincike ya fi tabbatar da amfaninta ga masu ƙarar kunne ba ƙwaya ba ce. Zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, ana koya wa mutum yadda zai kwance tunanin da ke ɗaure da ƙarar, irin "na haukace" da "ba zan ƙara barci ba". Tsoro yana sa a saurare ta, sauraro yana ƙara mata girma, girman ya ƙara tsoro. Ka nemi a haɗa ka da irin wannan ma'aikaci. A wurinsa ne kuma za ka buɗe maganar da ban ga alamar ka taɓa buɗe ta da kowa ba. Kai ne ka je ka ga gawar ƙaninka bayan hatsari, ka dawo ka karɓi gaisuwa, ka koma shago, aka ce maka namiji ne kai. Ƙwayar ta rufe wannan baƙin cikin ne, ba ta warkar da shi ba, kuma yayin da ake rage ta zai taso, wataƙila da mafarkai da hawaye. In ba a kula da shi ba, shi zai mayar da kai shagon maganin.

Sai yayanka. Kada ka riƙe shi a zuciya. Ya binne ƙane ɗaya, ya ga yadda tramadol ke cinye samari a unguwanninmu, sai ga kwalin ƙwaya a ɗakin ɗayan. Tsoro ne ya sa shi zafi, kuma a kan cewa ya kamata ka rabu da maganin, gaskiyarsa ce. Inda ya kuskure shi ne yadda za a rabu, kuskuren da zai iya sa ya rasa ka. Kada ka tsaya gardama da shi a zaure. Ka ce masa, "Yaya, na yarda zan bari, amma ka raka ni asibiti mu ji yadda ake bari." Abin da ba zai karɓa daga bakinka ba zai karɓa daga bakin likita. Ruƙiyya da addu'a ku ci gaba da su, ba su hana magani, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya umarce mu da neman magani. In yayan ya ƙi, ka nemi limaminku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa ya shiga tsakani, kai kuma ka tafi asibitinka ko da shi ko ba shi.

Rantsuwar na san tana ci maka rai, wataƙila ma fiye da ƙarar. Addini bai bar ka a matse ba. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi ta alheri, ya aikata mafi alherin ya yi kaffara. Kaffarar tana cikin Suratul Ma'ida aya ta 89: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai sami iko ba ya yi azumin kwana uku. Ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa maganar, ka gaya masa likita ya ce yankewa lokaci ɗaya na iya kisa. Shan magani da umarnin likita don a raba ka da shi ba shaye-shaye ba ne.

Maiɗakinka kuwa, na san ka ji zafin yadda ta tsallake ka ta kai ƙara. Da ta fara tambayarka da ya fi. Amma ka duba ta nata ɓangaren: shekara biyu tana kwana da miji mai nauyin barci da mantuwa ba ta san dalili ba. Yanzu kuma tana ganinka kana juyi cikin dare, tana zaton laifinta ne. Ka gaya mata ka koma sha, ka gaya mata dalili, tun kafin ta sake tsintar kwali, don na biyun zai fi na farko ciwo. In kun fahimci juna, ita ta fi dacewa ta riƙe maganin ta dinga ba ka na kowace rana bisa takardar likita, a ajiye inda yara ba za su kai ba. Ka koya mata kuma abin da za ta yi in ka faɗi da jijjiga: ta kwantar da kai a gefe ɗaya, ta janye abin da zai ji maka rauni, kada a sa maka cokali ko wani abu a baki, kada a ɗura maka ruwa, a nemi mota zuwa asibiti nan take.

Mai shagon da ke ba ka ba takarda ba taimakonka yake ba. Doka ba ta yarda a sayar da diazepam sai da takardar likita ba, kuma abin da ake saye ta bayan fage ba ka da tabbacin adadin da ke cikinsa, alhali ragin da za a yi maka lissafin miligiram ɗaya-ɗaya ne. Daga ranar da aka tsara maka, wuri ɗaya za ka dinga karɓa, likita ɗaya ke rubutawa.

In ka je asibitin farko ka tarar da wanda ya ce maka kawai ka daina, ko ya tsara maka ragin mako biyu, kada ka yi fushi ka koma gida. Ka ce masa cikin ladabi shekara biyu ka yi kana sha, ka gwada yankewa ga abin da ya faru, kana roƙon a tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ka sake rubuto mini bayan an yi gwajin jin an kuma tsara maka ragin, ka faɗa mini adadin da aka tsayar da kai a kai da yadda kuka ƙare da yaya. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce.